Nawa Zan Rubuta?

Kafin ladanin Bilbis ya gyara murya
na riga na yi lissafi sau uku a kan tabarma:
siminti tan biyu, ƙarfe mai lamba goma sha biyu,
waya, ƙusa, katakon zuba kankare,
da bakin mutum tara da za su ce mini da hantsi,
"Shef Kadri, yau da me za mu fara?"

Mai gida yana Abijan.
Kuɗinsa na zuwa ta waya, muryarsa na biye:
"An kai linta?"
Shi a can gini hoto ne,
ni a nan gini ciniki ne tun daga tushe.

Nomau ya iso da amalanke, jakinsa na huci.
Na ɗebi yashin, na zuba a kwalba, na girgiza da ruwa.
Laka ta kwanta a sama, kaurin yatsa biyu.
Na ce, "Nomau, wannan ta gona ce, kai wa mai gero."
Ya rantse da kabarin kakansa daga gulbi ya ɗebo.
Ya juya dai. Jakin ne kawai ya harare ni.

Famfo ya ɗauke tun shekaranjiya.
Tano guda ya koma dala ɗari da hamsin,
bulo kuwa ba ya jin haƙuri, sai ya sha safe da yamma.
Motar Malbaza ta kwana biyu a Badagishiri,
direba ya ce taya, yaronsa ya ce biki.
Na biya lebura kuɗin zama a inuwa.
Gwamma mai shinkafa da wake ta buɗe littafinta,
sunana ya cika shafi, ya tsallaka na gaba.

Sai shagon Alhaji Illo.
Ya shimfiɗa mini darduma, ya aika a kawo shayi.
Na cusa hannu cikin buhu ina neman dunƙule,
na auna ƙarfe da ɗan ma'aunin aljihuna:
an kira shi sha biyu, da kyar ya cika goma.
Ya yi dariya. "Wa zai tone ginshiƙi ya duba?"
Ya jawo rasit, ya cire murfin biro da haƙori,
bai dube ni ba ya ce,
"Nawa zan rubuta?"

Ɗakina na yoyo ta kusurwar gabas.
Damina uku ke nan ina ce wa Hasiya baɗi.
Jika arba'in na tsaye tsakanina da bakin biron nan,
ba mai gani sai fanka da ke juyawa.
Shayin ya huce a hannuna.

Abin da ya faɗo mini ba wa'azi ba ne.
Tsohuwa Tsahara ce, uwar mai gidan,
da ke zuwa kullum bayan la'asar da sandarta,
ta ƙirga buhuna da ƙwallon dabino,
ta kuskure, ta sake,
sannan ta tsaya inda babu komai sai igiya da turaku
ta ce, "Nan gadona zai zauna ko?"
Daidai ƙarƙashin dakalin da ƙarfen nan zai ɗauka.

Na ce, "Alhaji, rubuta abin da na ba ka.
Ƙarfen kuma a sake."
Ya mayar da murfin biro. Shayi na biyu bai zo ba.

Na fito, rana ta take tsakiyar Tawa.
Wayata na ruri: mai walda na son rabin kuɗinsa,
Nomau ya dawo, wai wannan karon na gulbi ne.
Na tsaya wurin mai tebur
na sayi leda baƙa, mita huɗu,
ta kusurwar gabas.