Famfon Jikina

Shekara talatin da biyu na yi a hukumar ruwa.
Daga Challawa har Gwauron Dutse
babu bututun da bai san tafin hannuna ba.
In ya toshe in buɗe, in yana yoyo in ɗaure,
har yaran Gwammaja suka sa mini Baba Ruwa.

Yau ga ni tsugune, ƙarfe biyun dare,
fitowa ta huɗu,
buta a gefe, ina lallashin famfon jikina.
Ɗis.
Shiru.
Ɗis.
Tabawa ta juya bango kamar mai barci,
asirina take rufewa, yadda ta saba.

Nafi'u ya aiko da kwalabe uku,
masu murfin zinariya da hoton tsoho yana gudu.
Na ƙaro ɗaya a Ƙofar Wambai
wurin mai lasifika da ke rantsuwa
wai ko sunanta daji ya ji sai ya canza unguwa.
Na jera su bisa rediyo,
ina haɗiya safe da yamma kamar mai biyan bashi.

Haka Tanimu mai walda ya yi.
Damina uku yana shan ƙwayoyi masu launi,
ya ce shi da girmansa ba zai kwance tazuge
gaban ɗan cikinsa ba.
Ranar da ya yarda, abin ya kai ƙashi.
Ni na riƙe makara ta dama har Ɗandolo.

Shi ya sa Litinin na hau adaidaita sai Murtala.
Likitan bai kai Nafi'u ba.
Ya zana mini a bayan kati:
nan, a wuyan mafitsara, akwai wani abu kamar goro,
tsufa kan kumbura shi ya matse hanya.
Ba kowane kumburi ne daji ba, Baba,
amma kwalba ba ta da ido.
Ya juya nawa ɗaya bayan ɗaya, ya ce
bitamin na cike giɓi in jiki ya rasa,
ba ganuwa ba ne, kuma yawansa ba gwaninta ba.
Ci tumatir ɗinka da wake da zogale,
rage kitse, taka da ƙafa zuwa masallaci,
sannan miƙo hannu mu tambayi jini.

Sai dariya ta kama ni, allura na ciki.
Sau nawa na gaya wa masu gida
da ke shafa fenti a bango mai danshi
cewa sai an tona ake ganin inda ya fashe?

Alhamis za a ba ni sakamako.
Ban ce ba na tsoro ba.
Jiya na ga kwalbar mai lasifika a madafa,
Tabawa ta wanke ta, ta zuba yaji.