Majanyin Kafaɗa

Tun da babur ya kayar da Rabe a hanyar Jibiya,
gaba kaɗan da Ƙofar Guga, inda kwalta ta ɓare,
hannunsa na dama ya zama baƙo a gidanmu.
Yana nan, ba ya gaisuwa.

Ƙashi bai karye ba.
Mai ɗori ya lalluba, ya girgiza kai,
ya ce wannan ba nawa ba ne, ku yi asibiti.
Can aka ce jijiya ce ta jawu tun daga wuya.
Rabe mai walda ne, shi ya fassara mini:
waya ce ta fizge daga falwaya,
gida na nan, ƙwan fitila na nan,
wuta ce babu.

Malam Sada na sashen gashi ya ce in miƙo yatsuna,
ya nuna mini kan kafaɗar: taɓa nan.
Rami.
Yatsa biyu suka shige tsakanin ƙashi da gurbinsa.
Ya ce nauyin hannun ke jan sa ƙasa,
nama ya yi barci, ba mai riƙo.
Kafin ya farka, ke za ki riƙe.

Ni da ban taɓa ɗaure ko kajin kasuwa daidai ba.

Yanzu duk kwana uku, bayan asuba,
sai in goge fatar ta bushe ƙarau,
in tokare gwiwar hannun da filo har ramin ya rufe,
in yanko filasta uku, mai kalar ƙasa,
in datse kusurwoyi da almakashin ɗinkina
don kada riga ta ɗage su.
Ɗaya daga dantse ta haura bisa,
ɗaya ta gaba,
ɗaya ta zagayo ta allon baya.
In murza da tafi har ta yi ɗumi ta kama.
Ran cirewa sai da man gyaɗa, sannu sannu,
shi ba ya ji, ni ke cije leɓe.

Bazara ta zo, gumi ya zama abokin gaba,
abin da na liƙa da safe, la'asar ta kwance shi.
Ƙuraje suka feso, muka huta mako guda,
muka koma ga maɗaurin nan mai maɗalli
da ke ratsa ƙirji ya tallafi gwiwa.
Na goyi huɗu, na san majanyi in na gan shi.
Na faɗa masa, bai yi dariya ba.
Ƙarƙashin riga yake sa shi in za shi masallaci,
in an miƙo hannu ya sunkuyar da kai,
ya ba da na hagu, ya haɗa da afuwa.

Tuwo yakan jira kowa ya tashi.
Hajjo ce, 'yar auta, ta zauna gabansa ran nan
ta sa nata hagun a kwano, miya har gwiwa,
ta ce Baba, ni ma na iya.
Daga ranar ya daina jira.

Sallau, yaron shago, kan kawo cinikin yini,
rigarsa na warin ƙarfen da ya sha wuta.
Rabe ya ƙirga kuɗin a kan cinya,
ya tambayi ƙyauren Alhaji, an gama?
Ya yi shiru tsawon amsar.

An ce jijiya na tsiro,
a yini ba ta kai ƙwayar gero ba.
Daga wuya zuwa yatsa, tiya nawa ke nan?
Ban lissafa ba. Na bar wa Mai lissafi.

Shekaranjiya da tsakar dare ya tashe ni:
Binta, kiyashi na bin dantsena.
Na haska tocila, na duba shimfiɗa, na kakkaɓe zane.
Babu ko ɗaya.
Muka zauna muna kallon hannun kamar zai yi magana.

Yau da na ɗaye filasta na auna ramin,
yatsa ɗaya da rabi.
Ko kafaɗar ce ta hau, ko ni ce na ƙi dannawa,
ban sani ba, ban kuma faɗa masa ba.
Na ce ɗaga haɓa,
na jawo almakashi.