Tsakiya Ta Bakwai

Ta iso Yamai cikin akwatin ƙanƙara,
ƴar kwalba, ba ta kai babban yatsa ba,
farin gari a gindinta kamar an lasa an rage.
Yaron da ya kawo ta ya ɗaga ta sama, ya ce,
"Wannan ce ta fi babur ɗina tsada?"
Na ce, riƙe da hannu biyu.

Peptid ne sunanta a takarda.
Ni in na rufe ido, kakata Cima nake gani
a Tawa, ƙarƙashin rumfa, zare a baki,
tana zura tsakiya ɗai-ɗai,
ja bayan baƙi, baƙi bayan ruwan ƙwai.
In ka sauya guda, takan ce, ka sauya magana.
Wannan ma goma sha biyu ce a jere,
inji ya zura ta, babu cikin da ya ɗauke ta.
Mu muka ce a canza ta bakwai
mu ji abin da za ta faɗa.

Garkuwar jiki maigadi ne mai saurin hannu.
Wani dare ya yi gyangyaɗi, ɓarawo ya wuce,
wani dare ya zabura, ya rafka wa mai gida kulki.
Ba korar sa muke so ba.
Raɗa muke nema, wadda za a sa masa a kunne:
farka,
ko kuwa, ya isa, sauke hannunka.

Faranti mai rijiya casa'in da shida,
kowace da fararen ƙwayoyin jini kwance a ƙasa.
Na ɗiga musu ɗigon da ko ƙuda ba zai ƙoshi ba,
na rufe, na rubuta lokaci a bayan safar hannu.

Ƙarfe biyun dare kuran ya ɗauke.
Firji ya yi shiru, irin shirun da ke tsinka ciki.
Tanimun, mai gadin ƙofa, ya ruga da tocila a baki,
ya ja igiyar inji sau huɗu, yana kiran sunan Allah,
a na biyar ya tashi.
Bai san me ke cikin firjin ba.
Ya ce dai ya ga fuskata.

Da asuba, kogi yana can yana tafiyarsa ƙarƙashin gada,
launi ya fito.
Layin farko rawaya, layi na biyu rawaya,
na ukun da na sa wa rai tun watan azumi
fari fat, ko motsi.
Na rubuta sifili. Shi ma sai da hannu ya yi rawa.

Inna ta kira da hantsi.
"Kin samo na gwiwar tawa?"
Na ce, Inna, ba magani ba ne tukuna,
ko ɓera bai ɗanɗana ba.
Tambaya ce muke yi wa jini,
shi kuma ba ya amsa wa mai gaggawa.
Ta ce, "To ki ci abinci."

Na wanke hannu, na jawo littafi.
Ta bakwai ta ƙi magana.
Saura sha ɗaya a zaren.