Jelar Ƙararrawa

Ƙarfe biyun dare a Delft,
Wietske ta watsa lambobi dubu goma,
suka taru suka yi ƙararrawa,
hagu da dama daidai wa daida.

Ta ce, teku bai san wannan ladabi ba.
Kakarta ta kwana bisa rufin ɗaki
shekarar da ruwa ya ci gari,
ƙararrawar kuwa ba ta da gurbin wannan dare.

Sai ta ninka kowace lamba da kanta,
ta ɗan barbaɗa, siffar ta karkata dama.
Ninki na uku, jela ta yi kauri,
tsakiya ta tsuke.

Shayi ya huce.
Can ƙarshen jelar, ɗigo guda tak:
tsayin katangar da za ta roƙa gobe.