Na Uku Daga Hagu

A Nebraska, gidan ƙarshe kafin gonakin masara su haɗiye titi,
Wilma ta ja kujera gaban talabijin,
ta tura kaset da yatsa mai rawa.
Fim ne baƙi da fari, ya girmi 'yarta ta fari.

Ba ruwanta da jarumin,
wanda harsashi ke gani ya kauce,
hularsa ko karkacewa ba ta yi.
Ita minti na arba'in da ɗaya take jira.

Ga shi nan. Na uku daga hagu.
Orval, da kunnuwan da suka fi ƙarfin hular kwano,
ya diro daga jirgi, ruwa iya ƙugu,
taku bakwai,
ya dafe ƙirji, ya kifa cikin rairayi.
Ba suna, ba magana.
Dala sha biyu aka ba shi, da burodi a takarda.

Ya sha gaya mata yana dariya:
"Yaƙin gaske, shekara uku, bai ga bayana ba,
sai wani mai lasifika a Kalifoniya
ya kashe ni sau tara kafin abincin rana."
Wai bai iya faɗuwa ba.
Shi da ya ga yadda ake faɗuwa:
ba a dafe ƙirji, ba a duban sama,
mutum zamewa kawai yake yi
kamar riga daga jikin ƙusa.
Wannan sau ɗaya ya faɗe shi,
tsakar dare, fuskarsa na kallon bango.

Da tasa ta zo, ba kiɗa, ba hayaƙi.
Gadon asibiti a Omaha, wata Talata,
tari, da kofin ruwan da bai shanye ba.

Ta danna maɓallin komawa baya.
Rairayi ya tofo shi,
ya miƙe, hannu ya saki ƙirji,
taku bakwai da baya,
teku ya mayar da shi jirgi
a bushe, da ƙuruciyarsa.

Nan ta tsayar.
Hoton na ɓari, wani layi na ratsa goshinsa.
Kaset ɗin ya gaji a daidai wurin nan;
'yarta ta ce wata rana sai ya tsinke.

A waje ƙanƙara ta binne motar da babu mai tuƙawa.
Shayi ya huce.
"To, Orval," ta ce, "tsaya nan tukuna,
bari in ɗumama."