Bai Nuna Ba Tukuna

Shekara uku ina koyon karatun duhu.
A allon nan da wasu ke ganin toka da hayaƙi,
ni ina ganin ƙashin baya jere kamar carbi,
da zuciya 'yar sati bakwai
tana bugawa kamar ƙiftawar ido.

Na fito da takarda mai hatimi.
Na goge riga, na hau tirotiro daga Aboabo,
na bi Asafo, na bi Bantama, na bi Suame,
har takalmina ya haddace ƙofofin asibitoci.

A na farko suka ce in bar takarda.
A na biyu ma haka.
A na uku Maame Serwaa, babbar nas, ta gyara tabarau,
ta dubi sakamakona, ta dubi gemuna,
ta fi daɗewa a kan gemun.
"Ɗana," ta ce, "karatunka ba laifi.
Amma cikin goma da ke hawa gadon nan, tara mata ne,
mazajensu kuwa ga su can a benci."

Hamdiya, da muka yi aji ɗaya,
wadda na koya wa awon kan jariri,
ta sami aiki kafin tawadar takardarta ta bushe.
Ban yi mata baƙin ciki ba.
To, na yi. Kwana biyu.
Na uku na aika mata barka.

Ba na ganin laifin matar da ta ja zane ta rufe cibiya,
kunya ba cuta ba ce balle in nemo mata magani.
Kakata Ladidi ungozoma ce a Zango,
da tafin hannu take faɗin kwanciyar ɗa,
namiji bai taɓa tsallake labulenta ba.
Da ta ji abin da na karanta, ta yi dariya har da tari:
"Mutawakkilu, gado ya yi ɓatan kai."

Wata bakwai ina tsaron shagon yayana a Kejetia,
ina auna yadi
da hannun da ya koyi auna ƙashin cinyar tayi.

Daga baya wani ƙaramin asibiti a Tafo ya kira,
aikin dare, albashin da ba a faɗa wa suruki.
Direbobi masu kumburin hanta,
magina masu tsakuwa a ƙoda,
da Alhaji Mumuni mai goro, da fitsari ya ɗaure wa,
ya leƙo ya gan ni, ya sauke numfashi:
"Alhamdu lillahi, namiji ne."
Ashe gemun nan ma yana da kasuwarsa.

Wani dare, ƙarfe biyu, ana ruwa,
aka shigo da wata tana zubar jini.
Mijin ya tare ƙofa, rigarsa na ɗiga:
"Babu mace?"
Na ce sai da safe.
Ya dubi agogo, ya dube ni, ya dubi ƙasa.
Matar ce ta yanke maganar, daga kan gado:
"Malam, duba min ɗana."

Nas Adiza ta tsaya a kanta, ta riƙe bakin zane,
faɗin tafin hannu kawai aka buɗe.
Na zuba man nan mai sanyi,
idona na kan allo, can ne aikinsa.
Toka. Toka.
Sai ga ta.

Na ƙara sautin na'ura.
Ɗakin ya cika da dakan wani ɗan ƙaramin turmi,
da sauri, da sauri, ba hutu.

Mijin ya saki ƙofa.
Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma nema ba.
Ya matso har numfashinsa na taɓa kafaɗata,
ya nuna allon da yatsa mai rawa:
"Mace ce, ko namiji?"

Na ce, "Sati goma sha ɗaya ne.
Bai nuna ba tukuna.
Yanzu dai zuciya ce kawai,
kuma tana aikinta."