Agogon Tudu da Agogon Kwari

Ni ce Eulalia, mai jan igiyar ƙararrawa
a cocin Toconao tun rasuwar mijina Fermín.
Hasumiyarmu farin dutse ce, ta tsattsage a gefe.
In na ja sau shida, ko awaki sun san yamma ta yi.

Jikana Amaru na aiki can ƙwanƙolin tudu,
inda manyan farantai ke sauraron sama
kamar kunnuwan jakai a daren sanyi.
Ran Asabar ya sauko, leɓe a tsage,
ya zauna yana ɓare mini masara.
Ya ce, "Kaka, agogonmu na sama ya fi naki sauri.
Ba lalacewa ya yi ba.
Nauyin ƙasa ne ke riƙe lokaci a kwari
yadda laka ke riƙe ƙafar tunkiya.
A shekara dubu ratar ba ta kai ƙiftawar ido ba,
amma tana nan, ana iya auna ta."

Na ce, to ashe ka fi ni saurin tsufa.
Ya yi dariya har masara ta zube.

Da dare ya nuna mini wani ɗigon haske
bisa kafaɗar dutsen Licancabur.
"Wancan ya baro gida tun ba a aza harsashin cocinku ba.
Jiya kike gani, ta iso a makare."

Barci ya ƙi ni.
Na tuna Fada Casimiro ranar da muka binne Fermín,
gishirin hamada a takalminsa, murya ƙasa-ƙasa.
Ya ce wurin Ubangiji ba jiya, ba jibi,
duk kwanaki a baje suke gabansa
kamar ɓauren da muka shanya a kan rufi.
Juma'ar da aka gicciye Yesu,
asubar da na haifi Rosaura,
da ramin nan da muke tsaye bakinsa,
kallo ɗaya yake musu.
Ran nan ban ji ba, kuka ya toshe mini kunne.

Da safe na tare Amaru yana ɗaure takalmi.
Na ce, hasken da ya taɓa hular kakanka
yana ban ruwa a lambu, shekara goma sha ɗaya,
ina ya tafi?
Ya daɗe bai ɗago ba.
Ya ce, "Wani ya nutse a ƙasa. Wani yana tafiya har yau.
Sai dai ba mu da farantin da zai kamo shi."

Ban ce masa komai ba.
Na cusa masa burodi da cuku a jaka,
motarsu ta hau tudu, inda zai riga ni tsufa.

Na makara da minti huɗu wajen ƙararrawar safe.
Ba wanda ya yi ƙorafi
sai Doña Petrona, mai agogo a wuyan hannu.
Na ce ta yi haƙuri,
na kama igiya, na ja.